Sunan Shagon Tela

"Ke kika saye shi! Tun muna yara, duk abin da na ɗora wa ido sai kin riga ni!"

Babbar 'yata ce, tela, take zazzaga wa autata masifa a falona. Ni kuwa ina goge tabarau, na baza kunne.

Tela ta so buɗe wa shagonta shafi a intanet da sunan "Zare da Allura". Ta duba wurin kamfanin da ke sayar da sunayen shafuka, aka ce babu mai shi. Maimakon ta biya, sai ta riƙa leƙa shi safe da yamma kamar mai duba jariri, har mako uku. Ranar da ta shirya, aka ce an saye.

Auta, wadda shafinta na jakunkuna ya daɗe yana kawo mata ciniki, ta miƙo waya. "Yaya, karanta mana. Kamfanin ne da kansa ya riƙe. Sun ga kina ta zarya, suka gane kin mato a kansa, suka ninka kuɗin."

"To ke naki me ya hana su riƙewa?"

"Ni ina gani na biya."

Na ce, "Auta, tunda Allah ya hore miki, saya mata mana."

Da zuciya ɗaya na faɗa. To, kusan ɗaya.

"Ta saya min? Sunan shagona ya fito daga hannunta?" Tela ta fizgi jakarta, ta fice, ta bugo ƙofa har agogon bango ya karkace.