Shayin Yaya Mukaddas

Tun asuba nake kai-komo a tsakar gida. Na share ƙarƙashin inabi, na sake sharewa, har na bar gurasa ta ƙone a tanderu.

Gidan na surukina ne, a nan garinmu Margilan. Da ya rasu 'ya'yansa biyar suka gaje shi, suka ƙulla a gaban mai unguwa cewa abin da mafi yawansu suka ɗaga wa hannu shi za a yi. Mijina Rafshan ne auta, kuma auta ke zama gidan uba, amma al'ada ba ta da ƙuri'a. Yayyensa maza biyu, mutanen babban birni Tashkent masu takalma masu ƙyalli, so suke a sayar. Shi da yayarsa Gulnora sun ce a'a. Saura babbarsu, Yaya Mukaddas, wadda ba ta ce uffan ba. Idan ta bi na Tashkent, ni da yarana sai gidan haya.

Yau ce ranar ɗaga hannun. Su biyar suka zauna a inuwar inabin, ni ina zuba shayi. Tun ina yarinya na san ƙa'ida: wanda kake so ya daɗe, kaɗan-kaɗan ake zuba masa. Kofi cike na wanda aka gaji da shi ne, sha ka tashi.

"Auta, kai fa ka samu banza," in ji Bahrom, babban namijin. "Gidan mutum biyar, kai kaɗai kake miƙe ƙafa."

"Wa ya yi jinyar Baba, Yaya?" in ji Rafshan. "Takalminka?"

Tsoro ya cika ni. Kunnena na wurinsu, idona na kan bakin Yaya Mukaddas, hannuna kuwa yana ta aikinsa. Na miƙa mata kofi.

Ashe shayin ya kai har bakin kofin, yana ɗiga kan yatsunta.

"Sannu, amaryarmu," ta ce a hankali. "A gidan ubana?"

"Wallahi Yaya, hankalina ne..."

"Bari. Na zo ne in ce a bar wa auta. Ashe tun kafin in faɗa har an sallame ni."

Ta shanye shi tas, da zafinsa. Ta ajiye kofin, ta ɗaga hannu tare da na Tashkent.

Rafshan bai taɓa yi mini maganar ba. Amma tun da muka koma gidan haya, shi yake zuba wa kansa shayi.