Shafi na 214

Farfesa, shugaban sashe, ya sa an manna sanarwa a ƙofar ɗakin bincike: masana sun ambaci maƙalar Dakta kan sankarar mama sau dubu ɗaya cif a rubuce-rubucensu. Har da hotonta, na tun kafin ta fara furfura.

Dakta ta zo da safe, ta karanta, ta ɓalle takardar, ta wuce ofishinsa ko farar rigar aiki ba ta sa ba. Mai laburare yana biye da ita, dattijon nan da kowa ke kira Tabarau, rungume da fayil uku.

"Ke da ya kamata ki shigo da rawa," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, a wane shafi maƙalata ta fara?"

"Ni na haddace shafuka?"

"241. Baba Tabarau, gaya masa."

Tabarau ya ajiye fayil ɗin a hankali. "Cikin dubun nan, ɗari bakwai da sha biyu 214 suka rubuta. Sati uku ina bin su ɗaya bayan ɗaya."

"To sai me? Tuntuɓen yatsa ne."

"Yatsan mutum ɗaya ne!" Dakta ta buga tebur. "Shekara takwas da suka wuce wani ya yi sharhi a kan aikina, ya juya lambar. Sauran duk daga wurinsa suka kwafa. Ba su buɗe maƙalar ba, ji suka yi ana faɗa."

Da lambar kaɗai ya juya, da ta haƙura. Shekara shida ta yi tana gwada wani magani a kan ɓeraye. Ƙarin sankarar yakan motse har sati biyar, daga nan ya dawo ya fi da, ya bazu zuwa huhu. Abin da ta rubuta ke nan. Mai sharhin ya ɗauki rabin farko ya bar sauran, duniya ta bi shi.

Ta zaro takarda daga jaka ta tura masa. Wasiƙa ce daga wani likita a wani asibiti mai nisa, yana mata godiya. Wata mai zuwa zai fara gwada maganin a kan mata arba'in, bisa hasken aikinta. Shi ma 214 ya rubuta.

Farfesa ya karanta, ya goge goshi. "Rubuta masa, ya dakata."

"Tun jiya na rubuta. Sauran ɗari bakwai ɗin fa? In bi su gida-gida? Zan aika wa mujallar da ta buga maƙalar gyara, kowa ya gani."

"Ƙanwata, saurare ni. Nan da sati shida kwamitin ƙarin girma zai zauna. Sau biyu suna tsallake ki. Wannan dubun ce za ta ba ki kujerar farfesa, ke kuma kina so ki yi shela da bakinki cewa fanko ce? Bari a gama zama, sai ki gyara abin da za ki gyara."

"Sankarar ma ka ce mata ta jira sati shida?"

"Kwamiti ba sa karanta maƙala, lamba suke dubawa."

"Na sani. Su ma 'yan 214 ne."

"Dakta, ki iya bakinki! Ni na tsaya miki. Wasiƙar da na rubuta musu a kanki shafi uku ce."

Tabarau ya yi gyaran murya. Ba mutum ne mai sa baki ba, shi ya sa duka suka juya.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ɗari bakwai da sha uku ne, in aka haɗa da wasiƙar taka."

Farfesa ya jawo kwafin wasiƙar daga aljihun tebur, ya duba, ya kife ta.

Dakta ta ɗauki fom ɗinta na neman ƙarin girma daga kan tulin da ke gabansa. Ta cire biro daga aljihun rigar Tabarau, ta soke dubu ɗaya, ta rubuta 288. Ta danna biron har ya huda takardar.

"Waɗannan ma ban rantse sun karanta ba," ta ce.

"Da wannan lambar ba za su ba ki ba."

"To su riƙe."

Ta koma ɗakin bincike, ta ture kwalaben gwaji gefe, ta buɗe kwamfuta. Ta fara wasiƙar gyara zuwa ga mujallar da cewa: Maƙalar tana shafi na 241, kuma ga abin da ta ce.