Tarihin Makaranta Daga Bakin Inna Mai Shara

Shekara ashirin da uku Malamar Tarihi ta yi tana koyarwa da alli a ƙaramar sakandaren nan, ba ta taɓa jin ta rasa komai ba, sai ranar da aka sauke kwalaye a ofishin Firinsifal. Kwamfutocin hannu ne guda talatin, da majigi, da wani farin allo mai naɗewa kamar tabarma. Washegari a taron malamai Firinsifal ya miƙe, ya gyara zaman gilashinsa, ya sanar cewa zamanin alli ya wuce. Kowane aji zai ƙirƙiro wani abu da na'urorin, a nuna wa baƙi daga ma'aikatar ilimi a ƙarshen zango.

"Kuma kada malami ya sa musu hannu," in ji shi. "Ku ƙyale yara su yi tunaninsu. Ƙirƙira ba ta son takura."

Umarnin ya yi wa Malama daɗi ƙwarai, don ko lamba za ta ajiye a wayarta sai ta jira 'yarta ta dawo gida. Ta raba wa 'yan aji biyu kwamfutocin da hannu bibbiyu, kamar mai miƙa jariri, ta ce su haɗa bidiyo a kan tarihin makarantar. Ta ɗora aikin a wuyan wata yarinya da ake kira Rediyo, saboda bakinta ba ya hutawa.

A lissafin Malama, yaran za su ɗauki hoton ƙofar shiga, su yi wa Firinsifal tambayoyi, shi ke nan. Sun kuwa je ofishinsa mai koren labule har sau uku, kullum sakatare ya ce yana taro a kan muhimmancin sauraron ɗalibai. Da suka gaji, sai Rediyo ta tambaya wa ya fi kowa daɗewa a makarantar. Aka ce Inna mai shara, wadda ta kama tsintsiya tun azuzuwa uku ne kacal.

Ana saura kwana biyu Rediyo ta kawo aikin ɗakin malamai. Malama ta kalli minti biyun farko: ga Inna zaune a gindin bishiya, tsintsiya a kan cinya, tana ba da labarin yadda ake ɗebo ruwa da bokiti kafin a ja famfo. Sai aka kaɗa ƙararrawa. Malama ta ce madalla, amma don ta fita haƙƙi ta kai wa Firinsifal.

"Yallaɓai, ko za ka duba kafin ranar?"

"Malama, me na faɗa a taro?"

"Ka ce ƙirƙira ba ta son takura."

"To, ashe kin ji."

Ranar nuni ɗakin taro ya cika maƙil. Baƙi a gaba, wata babbar jami'a a tsakiyarsu, Firinsifal a gefenta. 'Yan aji ɗaya suka nuna hotunan furannin da babu irinsu a makarantar. 'Yan aji uku suka sa na'ura ta karanta waƙar yabon shugabanni, da murya kamar ta mai mura. Aka tafa. Sannan aka zaunar da Malama kusa da majigi, a matsayin mai kula da aikin aji biyu, Rediyo ta kunna ta koma cikin 'yan ajinsu.

Bayan labarin bokiti, sai aka ji muryar Rediyo daga lasifika: "Inna, a duk ɗaliban da suka wuce ta nan, wa kika fi tunawa?"

Inna ta yi dariya har fuskarta ta cika allon. "Sha-Tawada mana! 'Yar nan, wannan yaro tsoron lissafi yake kamar mutuwarsa. Ranar jarrabawa ya ɗaga kwalbar tawada ya kurɓe, wai don a ce ba shi da lafiya. Ni na tsince shi a bayan banɗaki, harshe shuɗi, yana kuka yana ce mini, 'Inna, zan mutu?' Na ce ba za ka mutu ba, amma za ka sha bulala."

A nan yaran suka nuna gwaninta. Sun zana yaro mai manyan kunnuwa, harshensa na fitowa yana komawa, har da ƙarar kurɓa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Malama ma ta dara, har ta waiwaya ta ga ko Firinsifal ya ji daɗi. Sai ta ga ya daskare, goshinsa na tsattsafo da gumi. Ta kai yatsa ta danna maɓallin da ya fi kusa don ta kashe, sai ƙarar ta ninka.

"Ni na wanke masa baki da riga," Inna ta ci gaba, yanzu har tagogi na rawa. "Ya ce mini lambobi rawa suke masa a kan allo. Na je na sami babansa na ce a kai yaron nan a duba idonsa. Ashe gani ne ba ya yi! Aka sa masa gilashi, ya maimaita aji, daga nan babu wanda ya sake shan gabansa."

"Yanzu yana ina, Inna?"

"Ga ofishinsa can, mai koren labule."

Yara ɗari uku, waɗanda rabinsu sun taɓa shan horon noman fili saboda gudun gwajin lissafi, suka juya gaba ɗaya suka zuba wa mutum ɗaya ido. Malama ta fara tsara a ranta abin da za ta kwashe daga durowarta.

Sai babbar jami'ar ta miƙe tana tafi, tana share ido da gefen gyale. Ta ce ta zaga makarantu arba'in, ba ta taɓa ganin shugaban da ya yarda a tona raunin ƙuruciyarsa don yara su ƙaru ba. Firinsifal ya tashi a hankali.

"Ai dama," in ji shi, "tun farko abin da muka tsara ke nan."

A take jami'ar ta sa aka tura mata bidiyon, ta ce za a nuna shi a kowace makarantar yankin.

Washegari da safe aka kira Malama ofis. Ta shiga da addu'a a bakinta. Firinsifal ya tura mata takarda ba tare da ya ɗago ba: ma'aikata ta zaɓe ta ta horar da malaman yanki yadda ake koyarwa da na'ura.

"Yallaɓai, ni fa ko kashe abin nan ban iya ba."

"Na lura," ya ce.

Suna cikin haka Inna ta turo ƙofa ba sallamar kirki, ta fara shara daga lungu. Da ta iso teburin, ta ƙwanƙwasa takalminsa da bakin tsintsiya.

"Ɗaga ƙafa, ɗan nan."

Firinsifal ya ɗaga duka biyun, ya riƙe su a sama har ta gama.