Zaren da Tela Ya Datse

Da tela ya san abin da hannunsa zai jawo masa, da ya bar almakashinsa a shago ranar nan. Amma shekara talatin ke nan ba ya fita sai da shi a aljihu.

Autarsa ce ta roƙe shi ya taya ta rataye aikinta a zauren baje koli. Makeken ƙyalle ne cike da surfanin mahaifiyarta, irin wanda ake ta saye da sunan shagonsa ba a taɓa tambayar wa ya yi ba. Auta ta bi cikin ɗinkin da wani zare mai ɗaukar lantarki, ta haɗa da kwamfuta, yadda duk furen da ka taɓa sai muryar uwar ta fito tana ba da labarin ɗinkinsa. Ta yi masa bayani a hanya, amma hankalinsa na kan ko mutane za su zo, ko dariya za su yi mata.

Ta fita ɗauko tsani. Shi kuwa ya kasa zama. Ya zagaya bayan ƙyallen, sai ga zarurruka birjik suna reto. Haka za a nuna wa baƙi aikin 'yar tela, ko tsaftacewa ba a yi ba? Kafin ta dawo ya datse su tas.

Auta ta taɓa fure, shiru. Ta taɓa wani. Ta leƙa baya, ta daɗe ba ta juyo ba.

"Baba, wata huɗu na yi ina jan su."

Ya ce a ba shi allura ya ƙulla. Ta ce ba ƙullin ba ne, sanin wace murya ce ta wane fure ne. Zarurrukan sittin ne, launinsu ɗaya.

Uwar na tsaye a bakin ƙofa da sabon mayafinta. Ta dubi almakashin, ta dube shi.

"Malam, yau ɗaya da zan yi magana?"

Ya shiga rantse-rantse. Ta ajiye jaka, ta zauna a ƙasa, ta ce Auta ta riƙa kunna muryoyin ɗaya-ɗaya, ita za ta nuna furen. Shi aka ba riƙon fitilar waya.

Saura awa biyu a buɗe ƙofa, bakwai suka haɗa. Bai san ko za su gama ba, bai kuma san ko matar tasa ta yarda ba da gangan ya yi ba.