Wanda Ya Riga Usta Shahata

"Baba, ka san wannan mutumin?"

Injiniya Rihab, mai binciken takardu a ofishin ba da shaidar ƙirƙira, ta juyo da fuskar kwamfutarta. Usta Shahata ya gyara tabarau, ya gyara siririn tiyon da ke hancinsa, ya matso da kujera. Na'urar oksijin ɗin da ke rataye a kafaɗarsa tana ta aikinta, duk ya ja numfashi sai ta ce tss. A cikin kwamfutar ga wani dattijo zaune a gidan shayin Mu'allim Zaglul da ke unguwar Shubra a Alƙahira, yana warware wani ɗan gwangwanin tagulla gunduwa-gunduwa, yana yi wa jama'a bayani kamar mai wa'azi.

"Na san shi mana!" in ji Usta. "Kyakkyawan mutum. Sai dai ya fi ni ƙiba."

Madam Insaf, maƙwabciyarsa da ta rako shi, ba ta yi dariya ba. Ta ga abin da shi bai gani ba: wani babban yatsa mai jan lalle da ya rufe kusurwar hoton. Yatsanta ne. Ita ta ɗauki bidiyon nan shekara huɗu da suka wuce, ita ta ɗora shi a intanet don 'yarta da ke aure a Kuwait ta ga irin maƙwabcin da Allah ya ba su.

Shekara hamsin Usta Shahata yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, har huhunsa ya ce ya gaji. Likita ya haɗa shi da wannan na'ura mai zuƙar iskar gari ta tace masa oksijin. Amma wanda ya ƙera ta bai taɓa shaƙar iskar Alƙahira ba. Ƙura da laima suka riƙa kashe mata matata duk bayan 'yan watanni. Usta kuwa ba a kawo masa abu ya lalace ya zuba ido. Ya zauna a barandarsa da guntayen bututun firji, ya ƙera gwangwanin da ake ɗaurawa a bakin da na'urar ke shan iska. Gwangwanin ya tare ƙura, ya tsotse laima, sannan iskar da na'urar ke zubarwa ta biyo ta cikinsa ta busar da shi. Ya raɗa masa suna Zakiyya, sunan marigayiya matarsa, wai don ita ma ba ta barin kome ya shigo gida sai ta bincike shi.

Ba kuɗi yake nema ba da ya kai takardun neman shaidar ƙirƙira. Madam Insaf ta san haka, don ita ta buga masa su, shafi goma sha tara, da yatsun da suka yi shekara talatin da ɗaya suna buga hukunci a kotu. "Madam," ya ce mata a ranar, "duk abin da hannuna ya taɓa a duniya, da sunan wani a jikinsa. Ɗa ban haifa ba. Ina son takarda ɗaya tak, mai hatimin mikiya na gwamnati, wadda ta ce Shahata ne ya yi wannan." Shekara uku ke nan suna jiran layi ya zo kansu, huhun kuwa ba ya jira.

"Baba, bari in yi maka bayani," in ji Injiniya Rihab, murya ƙasa-ƙasa. "Abu uku nake dubawa. Za a iya ƙera shi a yi amfani da shi? Za a iya. Akwai basirar da ba kowane ma'aikaci zai hango ba? Wallahi akwai. Na uku, sabo ne? Wato kafin ranar da ka kawo takardunka, ba a taɓa nuna wa jama'a shi ba? Na duba rajistar Japan, na duba ta Jamus da Amurka da Sin. Ban ga irinsa ba."

"Kin ji ko, Madam?"

"Sai wannan bidiyon. An ɗora shi wata goma sha huɗu kafin ka zo nan. A wurin doka, abin da jama'a suka riga suka gani ba sabo ba ne, ko da kai ka nuna musu."

Madam Insaf ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Garin neman gira ta rasa masa ido. Usta kuwa sai ya daki cinya.

"Bidiyo kawai kika gani? 'Yata, ai guda arba'in da bakwai na raba! Duk tsohon da na haɗu da shi a asibitin ƙirji sai na ɗaura masa. Har zanen na manna a bangon masallaci."

Injiniya Rihab ta dafe kai. "Baba, don girman Allah ka daina taya ni aiki."

"To ni na san ana ɓoye iska? Mutum na shaƙewa a gabana in ce masa ya dakata sai gwamnati ta buga hatimi?"

"Ba ka yi laifi ba. Amma takardar ba za ta fito ba. Ka yi haƙuri."

A tasi, hanyar komawa Shubra, Usta ya yi ta jan direba da hira kan ƙwallo, har suka kusa faɗa. Madam Insaf na baya, idonta a kan taga. Sai da suka tsaya a hawa na biyu na benen gidansu yana hutawa, hannunsa a kan ƙarfen matakala, ta ce, "Usta, ni na ɗora shi."

"Na ga yatsanki ai. Wa ke da irin wannan yatsa a Shubra?" Ya ja numfashi, na'ura ta ce tss. "Da ma kin ɗauke ni ta ɓangaren dama, nan ne na fi kyau."

Ya yi dariya, amma ta ga yadda ya hau sauran matakalan. Ba haka ya saba hawa ba.

Daga makon nan bai sake sauka gidan shayi ba. Tagar kicin ɗinta da ta ɗakinsa suna kallon juna, don haka kullum idan tana dafa wake tana jin tss ɗin na'urarsa, kuma ta lura ya fara yin kusa-kusa. Likitan da ya zo duba shi ya tsaya da ita a bakin ƙofa, ya ce a ba shi duk abin da ransa ke so. Ta kai masa miyar mulukiyya, wato lalo, da zomo, ya ci cokali uku, ya ce gishiri ya yi yawa, ta ce bakinsa ne ya lalace. Da ta koma gida ta zauna ta yi kuka sosai, don abin da ransa ke so ba a tukunya yake ba, kuma ita ta hana shi samu.

Tana share hawaye ne idonta ya sauka kan tsohuwar tafiretarta. Shekara talatin da ɗaya, ba ta taɓa buga hukuncin da alƙali ya ce a'a ya yi shiru ba. Dole ya faɗi dalili. Washegari da hantsi ta saka baƙar rigarta ta zuwa ofis, ta kama jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari.

"Madam, wallahi ba abin da zan iya canzawa," in ji Injiniya Rihab tun kafin ta zauna.

"Wa ya ce ki canza? A'arki na zo gani. Karanta mini abin da kika rubuta."

Injiniyar ta buɗe fayil. "An ƙi amincewa da buƙatar, domin an riga an bayyana ƙirƙirar ga jama'a a wani bidiyo da aka wallafa ranar..."

"Tsaya. An bayyana. Wa ya bayyana? Aljani?"

"Haka muka saba rubutawa."

"A kotu da na kawo wa alƙali irin wannan, da ya jefo mini ita a fuska. Mutumin da ke cikin bidiyon ba shi da suna ne? Ki sa sunansa, har na kakansa. Binciken nan da kika ce kin yi, Japan da ina da ina, kin sami wanda ya riga shi?"

"Ban samu ba."

"To me ya hana ki faɗa? Ƙarya ce?"

Injiniya Rihab ta juya biro a hannu, ta ce, "Ba ƙarya ba ce. Ƙa'ida ma ta fi son a fayyace." Ta sunkuyar da kai. "Kin san yadda na gano bidiyon, Madam? Kakata a garin Tanta tana da irin na'urar nan. Ranar Idi na je gaishe ta, na ga gwangwanin tagulla a jiki. Wani maƙeri a layinsu ya yi mata, daga bidiyonki ya koya. Shekara biyu ba a canza mata matata ba. Na dawo na tarar da fayil ɗin Baba a kan teburina. Kwana uku ban ci abincin kirki ba."

"To ki ci yanzu," in ji Madam Insaf, ta zaro ƙunshin burodi da ta'amiyya, ƙosan Masar, daga jaka ta ajiye mata. "Ki ci ki buga. Kuma 'yata, ki ɗauki takardar nan da ƙafarki ki kai wa masu sa hannu. Mutumin ba shi da watanni."

Kwana tara bayan haka mai kawo wasiƙa ya tsaya a ƙasan bene yana kwaɗa kiran sunan Usta. Madam Insaf ta zura kwando da igiya daga baranda, littafin sa hannu ya hau, ya sauka, sannan ambulan ta hau. Kafin la'asar labari ya gama layin. Mu'allim Zaglul ya rufe gidan shayinsa, abin da bai yi ba ko ranar auren 'yarsa, ya hau bene da tire, tsofaffin abokan wasan Usta biyar na biye da shi suna haki.

Usta na kan kujerarsa, an tokare shi da matasai. Madam Insaf ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta fara daga sakin layi na biyu.

"A'a, Madam," ya ce. "Ba a fara cin kifi daga wutsiya. Karanta har da a'ar."

Ta karanta a'ar. Mu'allim Zaglul ya fara zagin gwamnati a ƙasan maƙoshi. Sai ta gyara murya, irin ta kotu.

"Dalili: bayan bincike a rajistar ƙasashen duniya, ofishin bai sami wanda ya bayyana wannan ƙirƙira ba kafin Shahata Darwish Abul-Magd Salama, mai gyaran firji, mazaunin Shubra, wanda shi ne ya fara nuna ta ga jama'a."

"Sake."

Ta sake.

"Kawo in ga hatimin."

Ya ɗora babban yatsa a kan mikiyar, ya shafa a hankali kamar mai tsoron ta tashi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta ci ƙarfinsa har na'urar ta rikice ta hau ƙara, aka yi kansa ana shafa masa baya.

"Ku bar ni!" ya ce da ya samu numfashi. "Kun ji dai da kunnenku. Gwamnati ta tankaɗe duniya kaf, ta sami mutum ɗaya tak da ya riga ni. Zaglul, wane ne?"

"Kai ne, Usta."

"To da ma wa zai kayar da Shahata in ba Shahata ba? Zuba shayi. Madam, naki cokali uku na sukari, yau ba ruwanmu da likita."

Aka kai takardar wurin mai gilashi, aka rataye ta kusa da hoton Zakiyya. Kwana shida duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya karanta ta da ƙarfi kafin a ba shi wurin zama, har mai karanta mitar lantarki bai tsira ba.

Ranar ta bakwai, rana ta ɗan ɗaga, Madam Insaf na matsa lemon tsami a kan wake. Ta tagar kicin ta ji ƙarar da na'urar ke yi idan ta jira numfashi bai zo ba. Ta tsaya da lemon a hannu, tana jiran tss. Ta ƙirga goma. Ta kashe wuta, ta wanke hannu, ta ɗauki makullin da ya ba ta tun rasuwar Zakiyya.

Yana kan kujerarsa, fuskarsa wajen bango, tabarau a hanci. Ta yi salati, ta rufe masa ido, ta zare tiyon a hankali. Sannan ta danna maɓallin na'urar, ɗakin ya yi shiru.

Bayan magariba aka kafa rumfar ta'aziyya a layin, ta toshe hanya tun daga gidan shayi har kantin magani. Mata suna sama a falon Madam Insaf, ita kuwa ta fita baranda ta leƙa. Ba ta san yawancin mutanen ba. Tsofaffi ne, wasu daga Imbaba, wasu daga Halwan, har da wata mota daga Tanta. Mu'allim Zaglul ya jera su a sahun gaba kusa da mai karatu, kowanne da na'urarsa a cinya, kowace na'ura da ɗan gwangwanin tagulla a baki.

Mai karatu ya kai ƙarshen aya, ya tsaya ya huta. A cikin shirun nan lasifika ta ɗauko sautin sahun gaba ta watsa shi cikin layin, tss, tss, tss, wani na bin wani. Madam Insaf ta jingina da ƙarfen baranda, ta bar shayinta ya huce.