Mako Goma Sha Ɗaya Allo Yana Kore

Ranar Juma'ar da aka yi wa Gunvor Sjölin walimar sallama, da ƙarfe biyu da kwata na rana, abokin aikinta Torvald ya gano cewa allon ƙarya yake yi.

Allon, irin na kwamfuta, yana rataye kusa da injin gahawa, inda kowa zai gan shi. Kamfaninsu na birnin Göteborg manhajar sayar da tikitin jiragen ruwa yake yi. Duk lokacin da wani ya taɓa manhajar, kwamfuta za ta yi mata gwaji ɗari huɗu da 'yan kai, ta rubuta sakamakon a fayil, fayil ya tafi allo. In an ci duka, allo ya yi kore. In ɗaya ya faɗi, ya yi ja, mai laifin kuma ya kawo burodin kirfa wajen shan gahawar ƙarfe uku. Torvald ne ya rubuta 'yan layukan da ke kai fayil ɗin allo, kuma shekara biyu yana ba da labarinsu kamar wanda ya haƙa wa gari rijiya.

Mako goma sha ɗaya ke nan allon bai yi ja ba. Pontus, shugaban sashen, wanda ya taɓa karanta littafi ɗaya a kan shugabanci kuma har yau bai warke ba, ya ɗauki hoton allon ya kai wa manya. Manya suka yi tambayarsu ta kullum: to, ita Gunvor me take yi? Shekara ashirin da uku tana gwada manhajar da hannu, tana sayen tikitin wasa na kare da keke da jariri don ta ga inda za ta ɓalle. Aka yi taro huɗu don kowa ya ji an tuntuɓe shi, sannan aka yanke abin da aka riga aka yanke. Aikinta zai ƙare yau da ƙarfe biyar.

Pontus ya so adadi mai daɗi da zai sa a jawabinsa, sai ya ce Torvald ya duba masa gwaji nawa aka ci. Torvald ya danna koren, abin da bai taɓa damuwa ya yi ba. Gwajin da aka yi: sifili. Wanda ya faɗi: sifili.

A watan Maris, cikin wani tashin son tsafta, shi da kansa ya canza wa ma'ajiyar sakamakon suna. Layukansa suka ci gaba da leƙa tsohon wuri, ba su samu komai ba, suka aika fayil fanko. Shi kuwa allo tambaya ɗaya ya iya: nawa suka faɗi? Ɗalibin da bai shiga jarrabawa ba ai bai faɗi ba.

Da ƙarfe uku aka kewaye kek.

"Ga sarkin kore nan," in ji Gunvor. "Zo ka zauna, angon allo. Ya na ga fuskarka ta ɗauko launin abin naka?"

"Ciki ne," in ji Torvald.

"Ciki ko kunya? Ci kek, ni aka kora, ba kai ba."

"Haba Gunvor, ba kora ba ce," in ji Pontus. "Sabon babi ne."

"Pontus, ɗana, shekarata sittin da ɗaya. Littafin ma ya kusa ƙarewa."

Aka yi dariya, kowa yana kallon kofinsa. Pontus ya miƙe ya yi jawabi, ya kira ta ginshiƙi, kamar dai an saba cire ginshiƙi a ba shi fure. Sai ya waiwayo.

"Torvald, nawa ne adadin?"

Torvald ya san abin da zai biyo baya in ya faɗa. Pontus zai hau bene wajen manya da wutsiya a zage, takardar sallamar ta koma aljihun tebur, Gunvor ta dawo kujerarta ranar Litinin. Sunan da zai maye gurbin nata a taro na gaba ma ya san shi: nasa ne. Ya kuma tuna cewa a ƙasar nan mutumin kirki ba ya ɓata wa jama'a shan gahawa. Da wuya tarbiyya ta taɓa yi wa matsoraci rana kamar wannan.

"Babu ko ɗaya da ya faɗi," ya ce.

Aka tafa. Yankan kek na ƙarshe ya rage a faranti, aka yi ta raba shi biyu, ana sake rabawa, don kada a ce wane ne ya cinye.

Torvald ne ya ɗaukar wa Gunvor kwalin kayanta zuwa tashar taragon cikin gari. Ana yayyafi.

"Ni abin da ke ba ni mamaki," ta ce, "tikitin keke ya yi wata biyu yana fitowa da kwanan wata na jiya. Na rubuta sau uku. Aka ce in kalli allo."

"Zan duba."

"Duba mana, injiniya. Kai kaɗai ne a cikinsu nake ganin kana da ɗan sauran kunya."

Ya buɗe baki, taragon ya iso, ya yi amfani da bakin ya ce ta gaida gida.

Ranar Litinin ya gyara layi ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Allo ya yi jawur: gwaji talatin da bakwai sun faɗi. Pontus ya tsaya gabansa, hannu a ƙugu, cike da alfahari.

"Kun gani? Cikin minti huɗu! Da mutum ne, sai ya yi wata bai gano ba."

Gunvor ta koma garin Umeå wajen ƙanwarta. Sau uku Torvald yana rubuta mata saƙo yana gogewa, har lokaci ya yi nisan da faɗar ta zama neman sauƙi ga kansa kawai. Maganar kuwa ba ta da tsawo, ko gahawa ba za ta huce ba kafin a gama ta: Gunvor, tun Maris ba a gwada komai ba sai abin da kika gwada da hannunki, na sani tun kafin a yanka kek, kuma na yi shiru.