Kunyar Ticha Kobina

Martina tana cikin goge masa kunun da ya zubo a haɓarsa, sai Ticha Kobina ya laluba ƙarƙashin filo, ya ciro wata takarda a ninke ya tura mata.

"Martina," ya ce da ƙyar, "kunya ne."

Ta ɗauka kunyar jinya ce ta dame shi, dattijo ɗan saba'in da bakwai wanda maƙwabciya take juyawa kamar jariri. Ta ce ya bar wannan magana, wa ya taɓa jin kunyar 'yarsa? Ta cusa takardar a cikin Littafi Mai Tsarki, ta ci gaba da ba shi kunu. Ran Laraba da safe, kafin ta dawo daga rijiya, ya riga ya tafi.

Mutumin Gana ne, daga wani gari na bakin teku. Ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan lokacin Martina tana aji uku, da akwatin ƙarfe ɗaya da Hausar da ba ta isa sayen ƙosai ba, aka ba shi koyar da zane a makarantarsu. Takarda ba ta wadata ba, fenti kuwa sai labari, don haka ya koya musu jiƙa jar ƙasa da gawayi da shuɗin wanki. Yara sukan koma gida kamar an tono su daga rami, iyaye su yi ta faɗa, kashegari kuma su aiko masa da doya. Shekarar da aka kori 'yan Gana, mahaifin Martina ne ya kai shi ƙauyensu a hanyar Gwantu, ya zauna wata huɗu a gona har ƙura ta lafa. Tun daga nan kowace damina sai ya je ya taya su noma, ko da yake ɓarnarsa ta fi aikinsa yawa.

Martina ba ta manta ranar da ya zana musu garinsu a allo ba. Ya ja layuka masu lanƙwasa tun daga wannan gefe har wancan, ya juyo da fara'a ya tambaya mene ne wannan. A ajin kuwa ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi na magangarar Matsirga da ke kusa da garin. Ita da ba ta iya riƙe bakinta ba ta ɗaga hannu ta ce, "Ticha, kunya ne." Kunyar gyaɗa take nufi, irin wadda babanta yake yi da garma. Shi kuwa kunya ɗaya ya sani, ta abin kunya. Ya goge tekunsa, ya sa ta durƙusa har aka tashi. Da hedimasta ya warware masa, sai da ya yi dariya har da hawaye, ya saya mata rake. Shekara arba'in da 'yan kai suna tsokanar juna da wannan kalma, har ta yi aure, ta yi takaba, ta dawo ɗakin da ke kallon nasa.

Yanzu ga gawa a asibiti, ga dattawan ikilisiya a kan benci a gindin mangwaron gidan. Baba Azariya, shugabansu, ya ce maganar ba ta da tsawo: a ƙasar nan ko a Legas mutum ya mutu, gida ake kai shi. Ɗan ƙanwar marigayin da ke Gana, wanda bai taɓa ganin kawunsa ba sai a waya, ya ce in ya bar wasiyya a bi ta, in babu a turo shi. Martina ta tambayi kanta: Wa zai share kabarinsa a can? Amma ba ta da bakin magana, ita ba dangi ba ce.

Da aka ce ta zaɓi ayar da za a karanta, ta buɗe Littafin, takardar ta faɗo. Layuka ne masu lanƙwasa da fensir, hannun ya yi rawa sosai. Baba Azariya ya gyara tabarau ya duba.

"To, ga wasiyya. Teku ne. Mutumin yana so gida."

Kowa ya gyaɗa kai. Martina ta karɓi takardar don ta ninke, idonta ya cika. Ashe duk shekarun nan zuciyarsa tana can. Sai da ta share ido ta ga ɗigo-ɗigon da ke kan layukan, waɗanda ta ɗauka rawar hannu ce. Ta matsa cikin rana. A kan kowane layi ƙananan ganye ne a jere, huɗu-huɗu, yadda ya koya musu zana gyaɗa.

"Baba," ta ce, tana dariya tana kuka, "teku ba ya tsiro. Kunya ne. Ya faɗa mini da bakinshi, ni ne ban ji ba."

Baba Azariya ya sake dubawa, ya daɗe, sa'an nan ya ce a kira yaron nan na Gana a waya.

Ran Asabar aka binne shi a gefen gonar mahaifinta. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, masu furfura da masu jikoki, wata ma ta zo da zanen akuyar da ya taɓa gyara mata ƙafa. Ana gamawa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutane suka ruga cikin coci. Da aka ɗauke ruwan, Martina ta fito ita kaɗai. Ruwa ya kwanta a tsakanin kunyoyin gyaɗa, layi bayan layi, yana ƙyalli tun daga bakin kabarin har ƙarshen gona.